Laraba: shafin makarantar Alhaji

Ko karyawa ban yi ba Alhaji ya kira, wai ya buɗe shafin makarantarsu ta Pantami a waya, ya danna Hausa, amma rabin abin da ya fito Turanci ne. Na ce ranka ya daɗe bari in duba. Da gaskiyarsa kuwa. Kanun sun koma Hausa, bayanin makaranta ma haka, amma hotunan nan masu zagayawa na sama da akwatin ra'ayoyin iyaye da maɓallin neman gurbi duk suna nan da Turancinsu ko gezau.

Shafin WordPress ne, wato manhajar gina shafukan intanet, da Elementor mai tsara fuskar shafi na gina shi, fassara kuma wata manhaja mai suna WPML ke riƙe da ita, Hausa da Turanci da Larabci. Su biyun nan suna jituwa lafiya lau, matsalar daga wani ƙarin fulogin ce, wato ƙaramar manhajar da ake jona wa shafi, da ke kawo wa Elementor wijet masu ado, wato ɓangarorin shafi irin su maɓalli da hotuna masu zagayawa, wanda Alhaji ya gani a shafin wata makaranta ya nace sai an saka masa. To shi Elementor ba ya ajiye rubutu a inda WordPress ya saba ajiyewa, dunƙule komai yake yi a wani tsarin ajiye bayanai da ake kira JSON wuri guda, launi da girman rubutu da kalmomin duk a cakuɗe, shi kuma WPML mai fassara sai an nuna masa cewa ga rubutu nan a wijet kaza sannan zai ɗauko. Wijet ɗin Elementor na asali ya san su. Na baƙon nan fa, masu shi ba su yi musu rajista ba, shi ya sa ko a wajen fassarar ba sa fitowa balle a fassara.

Haka na zauna ina tono sunan kowane wijet da filin da rubutunsa yake, ina zubawa ɗaya bayan ɗaya a wpml-config.xml, fayil ɗin da ake yi wa wijet rajista don WPML ya san su, ana cikin haka aka ɗauke wuta, na kwashi laftof na koma shagon abokina a Jekadafari mai sola. Wajen la'asar maɓallin da ra'ayoyin iyaye suka fito, na fassara, na share tsohon kwafin da shafin ya ajiye, suka zauna daram.

Larabcin ne ya ƙi. Shafin ya juya daga dama zuwa hagu yadda ya kamata, amma hotunan masu zagayawa kibiyarsu ta birkice, ka danna gaba su koma baya, wani lokacin ma fili fari kawai.

Na kira Alhaji bayan magariba na ce a bar ni in cire su in sa hoto ɗaya tsayayye, dama cin datar iyaye kawai suke yi. Ya ce a'a Malam, su ne ai kwalliyar shafin. Mun dai tsaya a kan za a cire su a Larabci kaɗai, gobe da safe zai turo hoton da yake so ta WhatsApp.