Rabon kyauta da gyara, abinda na gani a sana'ata ta turare

Shekarata ta huɗu kenan ina haɗa turaren wuta da humra a gida anan Gwammaja a Kano, kuma a duk abubuwan dana gwada na talla babu wanda ya ci min kuɗi ya barni da dogon tunani kamar rabon kyautar nan da ake cewa gibawe. Shekaranjiya ƙanwata da ta fara saida yajin daddawa ta turo min saƙo wai Yaya inaso in raba data ko zan samu mabiya, ya kike gani? Na fara rubuta mata amsa sai naga abin na ta tsawo, shine nace bari kawai in rubuta shi gaba ɗaya ko wata ma ta amfana.

Nawa na farko na yi shi ne a ƙarshen 2023. Duk mai sana'a a garin nan ya san yadda shekarar ta kasance, farkonta ga wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira, sannan ranar 29 ga Mayu aka ce an cire tallafin mai, lita da ke ƙasa da 200 ta haura 500, kuɗin adaidaita sahu ya tashi, kowa ya koma lissafin shinkafa da gas, waye zai tuna da turare. Sai in wuni waya bata yi ƙara ba. Ina kallon manyan masu sana'a a Instagram suna rabo jama'a na ta tururuwa, nace nima bari in gwada, na ware dubu 20 daga cikin jarina, rabi data rabi kuɗi a akawun, sharaɗin kawai ki bi shafina ki yi tagin mutum uku. Wallahi kwana uku wayata har zafi take, addu'a kam na sha ta, Allah ya ƙara buɗi Hajiya, Allah ya sa ni ne, ga lambar OPay, ga ta PalmPay, ga Moniepoint, naji daɗi sosai a lokacin don ina ganin ai kasuwa ta buɗe.

Da aka gama rabo sai shiru. Sati ya wuce, biyu suka wuce, ko kwalba ɗaya ban sayar ba ta dalilin abin. Dana zauna na bi mutanen ɗaya bayan ɗaya sai naga yawanci samari ne, wasu ma ba a Kano suke ba, mutanen da ba ruwansu da kasko da garwashi, data suka zo nema kuma ba laifinsu bane tunda data nace zan bayar. Wasu suka tafi washegari, waɗanda suka zauna kuma basa kallon komai, har na lura in na sa hoton kaya tsofaffin kwastomomina ma basa gani kamar da. Ga zagi daga waɗanda basu ci ba, wai dama 'yan uwanki kika ba.

Amma abinda har yau yake min ciwo shine wata baiwar Allah da ta kirani tana kuka. Ashe wasu sun buɗe shafi da sunan sana'ata da hotunana, suka bi duk wanda ya rubuta lamba suna cewa kin ci kyauta turo kuɗin kawowa, ita kuma ta tura, kuɗin cefanenta ne. Na mayar mata daga aljihuna amma ranar ban iya cin abinci ba, sunana ne aka cuce ta dashi. Wata kuma lambobi shidan nan da WhatsApp ke turowa suka nema ta basu, suka ƙwace mata layin suka shiga roƙon mutanenta kuɗi. Dan Allah duk wadda zata yi rabo ta faɗa tun farko da babbar murya cewa bata karɓar ko sisi kuma bata neman wata lamba daga wajen kowa.

Umma na je na faɗa wa, don ita ta fi shekara 20 tana saida man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gari kafin ƙafa ta hanata. Ta saurare ni tsaf sannan tace, to ke wa kika ba, kin san su? Nace a'a Umma. Tace cikinsu akwai wanda ya shinshina turaren naki? Nace babu. Sai tace ita a iya saninta gyara wanda ya saya ake yi wa, ɗanɗano kuma wanda ya tsaya a gaban tire ake ba, kuma daga cikin abin sayarwar ake bayarwa, bata taɓa ganin mai ƙuli ya ba mutum kuɗin mota don ya so ƙulinsa ba.

Maganar nan ta zauna min. Don in kika duba mu Kanawa ai ba baƙi bane a harkar kyauta cikin ciniki, garin da kasuwar Kurmi ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 ba za'a koya masa wannan ba. Mai tsire kafin ki ce komai ya yanko ya dangwala a yaji ya miƙo, mai kayan miya a 'Yankaba in ya gama zuba miki tumatir sai ya jefa attaruhu biyu uku a kai, mai awo a kasuwar Rimi ya ƙara hannu ɗaya bayan ya cika kwano, mai fura ta ƙara ludayin nono, har yaron da aka aika ma ana bashi nasa a hannu don gobe in aka sake aikensa ya dawo nan. Ba wanda ya tara mutum dubu, mutum ɗaya ne a gabansa wanda ya riga ya nuna yana son kayan, kuma abinda aka bashi in ya masa daɗi kayan ne suka masa daɗi. Ni kuwa na ɗauki kuɗin kayan haɗin turare, su hawi da farce da kajiji, na saya wa baƙi data.

Kuma turare ma ai ƙamshi baya bi ta waya, duk kyan hoto sai hanci ya ji. Shine na sayo ƙananan kwalabe da 'yan robobi na samfur, kowanne na manna masa sitika mai lambata, duk haɗin da nayi sai in cire kashi ɗaya cikin goma in ajiye na kyauta, kuma ina rubuta shi a littafi cikin kuɗin kashewa kamar yadda nake rubuta kuɗin kwalba da madarar turare da sukari. Wannan rubutun yana da muhimmanci, don kyautar da ba'a lissafa ba uwar kuɗi take ci a hankali baki sani ba, sai ranar sari kiga kuɗi basu kai ba. Duk wadda tayi oda ina saka mata samfur na kalar da bata saya ba, in ta ɗauki turaren ɗaki in saka mata humra, in ta ɗauki humra in saka na tsuguno ko na kaya, kuma sau da yawa odarta ta gaba wannan ɗin take nema.

Inda yafi min amfani kuwa wajen mai lallenmu ne. Mata sai su yi awa uku huɗu a zaune ana jiran lalle ya bushe, hannu da ƙafa a miƙe ba'a ko iya taɓa waya, sai hira. Na kai mata kwalba guda kyauta nace Anti ki dinga sawa a kasko in kina aiki, ga samfura ki ba amare. Su da kansu suke tambaya wannan na waye, kuma amarya in ta so ƙamshi ba kwalba ɗaya take saya ba, ga na gyaran jiki ga na ɗaki ga wanda za'a raba ranar kamu, daga nan ƙawayenta da dangin miji su ji su nema. Haka na yi da mai kitso da telar da ke min ɗinki. Kuma duk wadda ta kira nakan ce ki ajiye lambata nima in ajiye taki, saboda sitatus na WhatsApp sai kun ajiye lambar juna take gani, kuma awa 24 yake ya ɓace, to gara min mata 200 da suka san ƙamshina suna kallo kullum akan dubbai da basu san me nake saidawa ba.

Ban daina rabo a intanet ba, ina yi kamar sau biyu a shekara, kafin azumi da kuma lokacin bukukuwa bayan babbar sallah, amma kyautar turare ce ba kuɗi ba, kuma 'yan cikin Kano kawai saboda kuɗin aikawa wani garin sai ya fi kuɗin kyautar. Sunaye a takarda nake rubutawa in nannaɗe, ɗana ya ɗauko ana ɗaukar bidiyo kowa ya gani. Na taɓa tunanin in ce kowa ya biya 500 ya shiga ƙuri'a, dana tambayi malaminmu na Islamiyya yace in dai mutum zai sa kuɗinsa don ko ya ci ko ya rasa to caca ce, na bar maganar a wajen. Wani abu kuma da bana so, a haɗa sadaka da talla, a ɗauki fuskar mabuƙaci da azumi yana karɓar leda a manna sunan kasuwanci a jiki. In talla ce a kira ta talla ba abin kunya bane, in kuma don Allah ne to a rufa wa mutum asiri.

Ita ƙanwar tawa ce mata nayi ta ajiye kuɗin datar ta ƙulla yajin a ƙananan leda da lambarta a jiki, ta kai wa mai ɗanwake da mai awarar layinsu su dinga barbaɗa wa masu saye, ta ba matan Islamiyyarsu, in an yi haihuwa a unguwa ta kai wa mai jego. Tace zata fara da leda 50 ranar Juma'a. Ni ma gobe in Allah ya kaimu zan shiga Kurmi, hawi ya ƙare kuma ƙananan kwalaben saura kaɗan.