Talata: dubu 25 ɗin da ba ta zo ba

Ruwan asuba ya kashe zafi, wanki ya bushe kafin azahar, Malam ya samu kokonsa da ƙosai a kan kari har da yabo. Da ranar ta tafi a haka da ba ku ji ni ba yau.

Da hantsi ɗan wajen Yaya ya yi sallama shi da amaryar tasa. Har yanzu amarya nake ce mata, ga goyo ga ciki wata biyar. Ya ajiye adaidaitar a ƙofar gida, ya shigo da littafin nan mai layi da na daɗe ina yi masa nacin ya riƙa rubuta shiga da fita a ciki. Ya rubuta kuwa, tsaf, har da jan layi da rula. Sai dai a gefen shiga, ƙarƙashin abin da yake samu a keke, na ga "tallafi 25,000" an jera shi sau uku, wata uku.

Na ce, "An yi maka alat ne?"

Ya ce, "A'a Gwaggo, amma an sa sunana."

"Wa ya sa?"

Wani yaro ne a majalisarsu ya turo adireshi ta WhatsApp, ya karɓi naira 2,000 kuɗin cike fom. Da ƙarfin wannan sunan da aka sa ne ɗan nawa ya ci bashin 20,000 a wata manhajar waya, za a biya 26,000 cikin sati biyu. Na ɗauki biro na soke layukan nan uku. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, wannan kazar ma ba a akurkinsa take ba.

Shirin da yake nufi gaskiya ne, akwai shi. Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da shi a Oktoban 2023, bayan cire tallafin man fetur na watan Mayu: naira 25,000 sau uku ga gida miliyan 15, ke nan 75,000 gida ɗaya, daga nan an gama. A Janairun 2024 aka dakatar da shi lokacin da aka dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu, da aka dawo kuma aka ce sai an tantance mutum da lambar NIN ta ɗan ƙasa ko BVN ta banki. Kafin shi akwai na zamanin Buhari, 5,000 a wata da ake haɗawa a ba da 10,000 duk wata biyu, wanda aka zuba wa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Duka biyun daga rajista ɗaya ake ɗebo sunaye, rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa da ofishin NASSCO ke riƙe da ita, kowace jiha kuma tana da nata ofishin da ke tattara sunayen.

Abin da mutane ba sa son ji shi ne ba a shiga rajistar nan da fom ɗin intanet. Ma'aikata ne ke zuwa unguwa. Sukan tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi abin da yake kira talauci a wajensu, ya lissafo gidajen da suka fi shiga wannan hali. A haɗa jerin a fitar da guda. Sannan masu ɗaukar bayani su bi gida-gida da na'ura suna tambaya: mutum nawa ne a gidan, rufin ɗaki na mene ne, ina ake samun ruwa, wane irin banɗaki, me aka mallaka. Ba a biyan ko kwabo. Kuma shiga rajista daban, samun kuɗi daban, gida na iya shekaru a ciki ba a taɓa kiransa ba. A 2021, bayan korona, an yi wata ta gaggawa don talakan birni da saƙon tes zuwa zaɓaɓɓun mazaɓu, ina ganin tun daga nan mutane suka ɗauka komai ta waya ake yi, 'yan damfara kuma suka samu ƙofa. Duk wanda ya nemi lambar sirrin katinka, ko lambar nan da banki ke turowa ta ɗan lokaci, ɓarawo ne ko da da rigar gwamnati ya zo. Na tambayi ɗan nawa ko ya ba da ɗaya daga cikinsu, ya ce BVN kawai da lambar waya. Na ce duk da haka yau ɗin nan ya canza lambar sirrinsa, kuma duk wanda ya kira shi da sunan banki ya kashe wayar.

Abin da ke hannunsu shi ne su gyara takardu su ajiye, su kuma gaishe da mai unguwa su roƙe shi ya sanar da su in masu rajista sun shigo. A nan muka zauna. Na sa ya danna *346# lambar NIN ɗinsa ta fito, ya danna *565*0# ta BVN ta fito, kowacce lamba 11, kowacce ana cire ɗan kuɗin kati. Muka buɗe takardun. A NIN Muhammad, a banki Mohammed. A ɗaya an haife shi a Maris, a ɗaya 1 ga Janairu, irin ranar nan da ake rubuta wa duk wanda bai tuna tasa ba. Irin wannan saɓanin ne ke tsayar da biya ba tare da an gaya wa mutum dalili ba, domin na'ura ce ke gwada bayanan biyu, ba ta san Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne ba. Yin NIN a karon farko kyauta ne, gyara shi kuwa da kuɗi, gyaran ranar haihuwa ya fi tsada kuma ya fi jan rai. In na NIN ɗin ne daidai, ya fi sauƙi a je banki da takardar rantsuwa ta kotu a mai da na bankin ya bi shi.

Ita kuwa amarya ba ta da asusu ko ɗaya, layin wayarta ma da sunan yayanta aka yi rajistarsa. Wannan ya fi damuna, don a tsohon shirin yawanci sunan mace ake sa wa a matsayin mai karɓar kuɗin gida. Na ce ta yi NIN da sunan mahaifinta kamar yadda yake a takardar makarantarta, kar ta canza zuwa na miji a wuri ɗaya ta bar ɗaya. Ta sayi layi da NIN ɗinta, ta riƙa amfani da shi kar ya daɗe a kwance kamfani ya sayar wa wani. Ta buɗe ƙaramin asusun nan na matakin farko da ba ya neman takardar wuta ko ta haya, yana ɗaukar har 300,000, ya ishe ta.

Sai muka koma littafin. Shi ya yi lissafinsa ne da ranar da kasuwa ta yi kyau, ranar da ya tashi da 6,000 bayan ya sha mai ya ba mai keke balas. Mai samun kullum ba ya lissafi da ranar daɗi. Na ce ya faɗa mini ranar da ta fi muni wadda ba ta ciwo ko ɓacin keke ba, ya ce 3,000. Kwana 26 na aiki, 78,000 ke nan a wata, ɗan sama da mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Hayar ciki da falo 180,000 a shekara, wato kullum ya fita aiki sai ya ware 600 kafin ya sayi ko ruwan leda, 15,600 a wata. Cefane 1,800 a rana, 54,000, domin ciki bai san ranar hutu ba. Ruwan 'yan garuwa 200 a rana, 6,000. Gawayi 300, 9,000. Sabulu, omo da katin waya 5,000. Muka tara, 89,600. Giɓin 11,600, ba magani a ciki, ba sutura, ba bashin manhaja.

Ya yi shiru. Ita tana jijjiga yaron.

Ranakun daɗi ne za su cike giɓin, in an kama rararsu kafin ta narke. Don haka gwangwani uku: na haya, na hatsi, na ciwo. Na haya 600 kullum ba fashi, in zai iya ya zuba shi a adashi ya roƙi kwasar da ta faɗo wata ɗaya kafin haya ta cika, a wajen uwar adashin da aka san gidanta da mijinta. Duk abin da ya haura 3,000 a rana, a sati biyun nan na bashi ne gaba ɗaya. Ruwan 6,000 da aka ɗora masa guminsa ne na kwana biyu cur, ban da abin da addini ya ce a kan riba. Ya biya, ya goge manhajar, kar ya kuskura ya ci na wata don ya biya wannan, nan ne mutane ke nutsewa. In suka fara tura wa mutanen cikin wayarsa saƙon cin mutunci, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana karɓar irin wannan ƙorafin, ya ɗauki hoton saƙonnin ya ajiye.

Bayan bashi, rarar ta koma gwangwanin hatsi. Kaka ta kusa, kuma abin da ake sayen kwanon masara a Nuwamba ba shi ake saye a Yuli ba, kowa ya sani, kuɗin saye a lokacin ne ba a tanada. Buhu kwano 40 ne. Ko rabi suka samu, su haɗa da wani su sayi guda a kasuwar Dawanau su raba. Sai hatsin ya bushe ƙayau, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako kar ya taɓa ƙasa. Ba ya son maganin ƙwari, rashin iska ke kashe su, amma ƙaramar huda ɗaya ta ɓata aikin. Sayen ƙulle-ƙulle kuma shi ke cin cefanensu: ƙullin mai, ƙullin sukari, ƙullin gishiri. Kwalbar mai guda ta fi araha a kan ƙullin da za a tara a cika ta. Abincin gwangwani na yaro a bar shi, a yi gari a gida: awo 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a niƙa tare a riƙa dama masa.

Tallafin da na fi yarda da shi ba ya zuwa ta alat. Rigakafin yara kyauta ne. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya kyauta ce ga jariri. A wajen awo ana ba da maganin ƙarin jini da na kariyar zazzaɓin cizon sauro, sau da yawa har da gidan sauro. Da damina masu bi gida-gida na ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 maganin zazzaɓi na kwana uku duk wata, kuskuren iyaye shi ne a sha na ranar farko a gaban ma'aikaciya a manta na kwana biyun da suka rage. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. A nan Kano ta hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, ake shiga, a asibitin mazaɓa da aka zaɓa, masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 na cikin waɗanda ake fara dubawa. Gurbin ƙayyadadde ne, sai an tambaya, sai an sake tambaya. Na ce wa amarya in ta je a auna damtsen yaron da zaren nan mai launi, in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, akwai abincin tamowa na leda da ake bayarwa kyauta. Ban ce mata na ga wuyan hannunsa ya yi mini siriri ba. Hukumar Zakka da Hubusi ma tana nan, mai bashi da mabuƙaci suna cikin kaso takwas na masu cin zakka, rubuta takardar neman taimako ba ta cin komai sai tawada. Amma ita ma ba ta shiga gefen shiga sai ta zo hannu.

Da na zo kan anko da gudunmawar biki na ce a rage, sai amarya ta ɗago, karon farko tun zuwansu. Ta ce, "Gwaggo, in ban kai wa mutane ba, ranar sunan nan da ke tafe wa zai kawo mini?" Gaskiyarta. Gudunmawa ajiya ce a hannun mutane, ta ma fi wani tallafin tabbas, don an san ranar da za ta dawo. Muka bar mata 2,000 a wata, anko kuwa babu shi sai bayan haihuwa. Giɓin ya koma 13,600.

Wannan lambar ce ta hana ni barcin rana. Yaro ne da ba ya shan komai, yana fita tun bayan asuba, bai taɓa tsallake balas ba, kuma lissafin da aka yi da gaskiya ya nuna ranar da ba ta yi kyau ba ba ta ciyar da gidansa. Ko da 75,000 ɗin nan ta zo gaba ɗaya, giɓin wata biyar da rabi za ta toshe. Wata huɗu ya rage a haihu, ga ragon suna, ban ma bari mun buɗe wannan shafin ba yau.

Sun ci dambu suka tafi. Na ƙulla mata daddawa da kuka.

La'asar: mai gyaran famfo bai zo ba. 'Yar autata ta dawo daga islamiyya da takalmi ƙafa ɗaya nata ɗaya na wata. Malam ya ce in bar damuwa da lissafin gidan wasu, na ce ai ba gidan wasu ba ne.

Gobe Laraba ranar awo ce a asibitin unguwarsu. Na ce ta fita da wuri kafin a ƙare raba kati, ta ɗauki katin rigakafin yaron, kuma ta nemi mai kula da asibitin da kanta ta tambaye shi maganar rajistar lafiyar. Shi kuma banki, da takardar rantsuwa, kafin ya ɗauki fasinjan farko.