Inda ake jona akwatin eko

Mu mutanen Sakkwato muna son eko. Ko bikin aure ne a Mabera, ko maulidi a Runjin Sambo, ko babban taro a Filin Shehu Kangiwa, da mawaƙi ya karɓi makirfo zai ɗago hannu ya ce a ƙara masa. Ban ga laifinsa ba. A fili babu bangon da zai maido da sauti, murya takan fito a bushe, ɗan amsa-kuwwa kuwa yana ba mai waƙa ƙarfin zuciyar jan baiti. Amma zaman da na yi a harkar hayar kayan sauti ya nuna mini cewa yawan eko ba shi ya fi ɓata taro ba. Wurin da aka jona akwatin shi ne kan gaba.

Yadda aka saba yi a ƙananan saiti shi ne a soka makirfo cikin akwatin eko, a fitar da waya daga akwatin zuwa miksa, wato na'urar da ke haɗa sautukan makirfo duka. Sauti yana fita, don haka sai a ɗauka an gama. Matsalar ita ce wutar da makirfo ke bayarwa 'yar mitsitsiya ce, ba ta wuce 'yan milibolt ba, akwatin kuwa, irin su Yamaha SPX90 da Alesis MidiVerb da suka fito tun shekarun 1980 da na bayansu irin na Behringer, an yi su ne su karɓi sautin da ya riga ya samu ƙarfi. Dole a murɗa komai zuwa ƙarshe, sai "shiii" ta cika lasifika. Ga shi makirfo ɗaya kaɗai ke amfana. Idan kuma akwatin ya ɗauke a tsakiyar waƙa, muryar ma ta tafi tare da shi.

Maigidana bai taɓa zana mini takarda ba. Yakan kama yatsana ya ɗora a kan wayar makirfo ya ce, "Yaro, bi wagga waya da hannunka, ka gaya min ina taka zuwa." Sai in bi ta har gindin miksa, in sauko kan layin maɓallan tashar, wato sashen miksa na wannan makirfo, ɗaya bayan ɗaya: na ƙarfin shiga, na gyaran kauri da siranta, sannan waɗanda aka rubuta AUX a gefensu, a ƙarshe feda, wadda ake ja sama ko ƙasa don ƙara ko rage murya. A kan AUX ɗin nan yake tsayar da ni. Aikinsa shi ne ya ɗebi wani kaso na muryar ya aika waje ta ramin AUX SEND, ita kuma asalin muryar ta ci gaba da tafiyarta zuwa lasifika ba abin da ya taɓa ta. Kason da aka ɗiba shi ke shiga akwatin eko, ya dawo ta ramin RETURN, su haɗu a gaba. Da wannan jonin akwati ɗaya yana isar makirfo takwas, kowa da gwargwadonsa: mai waƙa ya samu da yawa, 'yan amshi kaɗan, mai kalangu kuwa babu ko kaɗan, tunda ganga idan ta sha eko kiɗa yakan cakuɗe.

A nan akwai abubuwan da sai an zauna an kula. AUX ɗin nan, wato oks, iri biyu ne, akwai wanda ke ɗiba kafin feda, akwai wanda ke ɗiba bayanta. Na kafin feda na lasifikar da mawaƙi ke jin kansa da ita ne. Shi kuwa eko, oks na bayan feda yake so, domin idan ka sauke muryar mutum amsa-kuwwarsa ta sauka tare da ita. In aka yi akasin haka, za ka rufe makirfo amma jama'a su ci gaba da jin inuwar maganar da ake yi a bayan fage, kuma a wurin biki wannan na iya jawo abin kunya.

Sai maɓallin MIX da ke jikin akwatin, wanda ke raba tsakanin busasshiyar murya da mai eko. Muddin ta oks aka jona, a kai shi ɗari bisa ɗari wajen eko. Akwatin dijital yakan ɗan jinkirta abin da ya ratsa shi, ko da kaɗan ne ƙwarai. Idan ya maido da busasshiyar muryar ta haɗu da ta asali, sai su riƙa cin juna, murya ta koma kamar mai magana daga cikin bututu. Na ga masu saiti suna ta wahalar gyaran kauri da siranta a kan wannan, alhali maɓalli guda ne bai kai ƙarshe ba.

Ni dai na fi son in maido da eko ta tasha ta sosai maimakon ramin RETURN, idan akwai tashar da ba a amfani da ita. Ta haka ina iya rage masa kauri, tunda kaurin eko ne ke dagula kalmomi, kuma ina da feda a ƙarƙashin yatsana. Sharaɗi ɗaya ne: maɓallin oks na ita wannan tashar ya zauna a sifili, in ba haka ba eko zai riƙa ciyar da kansa har lasifika ta yi kuka. Fedar nan kuwa ita ce rabin aikin. Sha'iri yana waƙa, eko na sama. Ya tsaya zai yi godiya ga masu gida ko malam zai yi addu'a, sai in sauke. Ina ɗaukar wannan da nauyi, domin dattijon da ya tako daga nesa don ya ji tafsiri haƙƙinsa ne ya ji kowane harafi, ba "salamu-mu-mu" ba. A cikin masallaci mai tayil da dogon rufi ma ginin ya riga ya ba da nasa eko, ƙari ɓarna ne.

Ramin INSERT wani abu ne daban. Shi yanke hanyar tashar yake yi, ya fitar da sautin gaba ɗaya ya dawo da shi ta rami guda, da waya mai kai ɗaya a nan, biyu a can. A yawancin miksa tsinin jak, wato kan wayar da ake sokawa, shi ne ke aikawa, zoben tsakiya ya karɓo. Nan ne mazaunin kwamfuresa mai daidaita ƙarfin murya da ikwalaiza mai gyaran kauri da siranta, abubuwan da ake so su gyara muryar dukanta.

A bayan akwatuna da yawa akwai ɗan makunni da aka rubuta +4 da -10 a gefensa, mutane ba su cika kallonsa ba. Ƙarfin sautin da akwatin ke aiki da shi suke nunawa: na farko kusan bolt 1.23 ne, na biyu kusan 0.32, wato ɗaya ya ninka ɗaya wajen sau huɗu. Miksa mai bayar da +4 ta tura cikin akwatin da ke jiran -10, jan fitila zai yi ta kamawa, sauti ya fashe. Aka juya kuma, eko ya yi rauni ga "shiii". Kafin in taɓa komai nakan leƙa baya da tocila in daidaita su.

Wajen amfilifayar kayan kiɗa, lissafin ya ɗan canja. Mai fiyano ba shi da wahala, fiyanonsa na fitar da sauti mai ƙarfi, yana iya ratsa akwati ya wuce. Jita kuwa, ko gurmin da aka manna wa abin ɗaukar sauti, tana son ramin da aka yi dominta, mai juriyar kusan om miliyan ɗaya. Aka soka ta kai tsaye a ramin akwatin da aka yi don miksa, sautinta zai dushe. Idan amfilifaya tana da SEND da RETURN a bayanta, kamar yadda Peavey da yawa ke da su, nan ne wurin eko, bayan sashen da ke gina sautin kuma kafin sashen da ke ba shi ƙarfi. A mafi yawansu sautin gaba ɗaya ke ratsa akwatin, saboda haka MIX ba zai zauna a ɗari ba, sai a dawo da shi ƙasa sosai. Wani mai fiyano ya taɓa zuwa mana da akwati yana warin ƙuna. Maigida ya juya shi ya duba, ya tambaye shi, "Ɗana, daga wane rami ka ɗauko?" Ashe daga ramin lasifika ya ɗauko, inda wuta ke kai bolt gomomi, ya zuba cikin ramin da ke jiran bolt ɗaya.

Sai gurnanin nan da kowa ya sani, "huuum", wanda ke bin bugun wutarmu 50 a daƙiƙa. Yakan taso idan miksa na kan soket guda, amfilifaya na kan wani, musamman a kan janareta. Maganinsa a tara su a reshen wuta ɗaya, a yi amfani da waya mai layi uku irin ta XLR idan tafiyar da nisa, a sa akwatin DI, ɗan akwatin da ke mayar da sauti irin wanda miksa ke karɓa, tsakanin amfilifaya da miksa a danna makunninsa na ɗage ƙasa, mai raba wayar ƙasa tsakaninsu. Abin da ba na yarda a yi a saitina shi ne karya ƙafa ta uku ta fulogi. Gurnani na iya yin shiru, amma ranar da wuta ta zubo a jikin ƙarfe, hanyar da ta rage mata ita ce leɓen mai riƙe da makirfo.

Lokacin hunturu kuma ƙura na shiga ramukan SEND da INSERT da ba a amfani da su. Ramukan nan suna da ɗan harshe a ciki wanda ke haɗa hanya idan babu jak, ƙura ta hau kansa sai sauti ya riƙa yankewa a ce amfilifaya ta lalace. Ana fesa maganin wanke rami, a soka jak a zare sau da yawa, ta dawo daidai. A amfilifayar da ba kullum ake amfani da ramukanta na SEND da RETURN ba, nakan bar gajeriyar waya a jone daga SEND zuwa RETURN har damina ta sauka.