Magnolia ko Gardenia: wanne za a shafa wa falo?

A kan katin launuka na shagon fenti, Magnolia da Gardenia kamar tagwaye suke, duk ruwan madara ne. Sai sun hau bango bambancin yake fitowa. Lambarsu a tsarin launuka na Birtaniya, BS 4800, ta riga ta nuna shi: Magnolia 08 B 15 ce, Gardenia kuwa 10 B 15. Lambar farko ita ce asalin launin. 08 na da ɗan ja a cikin rawayarsa, shi ya sa Magnolia ke karkata zuwa ruwan hoda. 10 rawaya ce zalla, har takan ɗauko ɗan kore-kore.

Abin da zai raba gardama shi ne hasken ɗakin. Ƙwan lantarki mai farin haske, irin mai lamba 6500K (ma'aunin launin hasken ƙwai) da ya cika kasuwa, yana dusashe Gardenia, ta koma kamar farin da ya tsufa. Magnolia na jure masa. A ƙarƙashin ƙwai mai jan haske na 3000K kuma, Magnolia kan yi ja fiye da kima, musamman idan tayil ɗin ƙasa ruwan ƙasa ne. Ga ɗakin da ƙurar hunturu ke shiga, na fi son Magnolia, domin ƙurar ba ta saurin nunawa a kanta.

Kada ka yanke hukunci da katin. Shafa kowanne a fili mai faɗin mita ɗaya, hannu biyu (wato a shafa sau biyu), ka bar tazara tsakaninsu, ka duba da safe, da la'asar, da dare bayan an kunna wuta. Ɗanyen fenti yaudara gare shi, sai ya bushe.

Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 yana da bangon da ya kai kusan murabba'in mita 40. Hannu biyu zai ci wajen lita 8, galan biyu ke nan masu lita huɗu-huɗu. Sabuwar filasta ta fi shan fenti, kuma a bar ta ta yi mako huɗu kafin a taɓa ta, in ba haka ba gishirin siminti zai feso fari-fari.

Suna ɗaya a kamfani biyu ba launi ɗaya ba ne, ko bokiti biyu na kamfani guda kan ɗan saɓa. A juye su wuri ɗaya a gauraya kafin a fara. A kuma sa ido kan ruwan da mai fenti ke ƙarawa. In ya yi yawa, tokar siminti za ta riƙa leƙowa ta ƙasa.