Abin da ɗakin awon ciki ya koya mini game da kanjamau

Mata da yawa a ɗakin awon ciki suke fara sanin ko suna ɗauke da ƙwayar cutar kanjamau, don kusan duk wadda ta zo sai an ɗebi jininta. Aikin da nake yi a nan ya sa na daina sakin jiki da sakamakon farko. Mace za ta zo da cikin wata uku, a gwada ta, a ce ba komai, ta yi hamdala ta tafi. To amma akwai sauran wata shida a gabanta, ga dogon lokacin shayarwa, kuma duk tana tare da mijin da ba wanda ya taɓa gwada shi.

In ta kamu a wannan tsakani, haɗarin da ke kan jariri ya fi girma. A makonnin farko na kamuwa ƙwayar cutar kan cika jini sosai, ga shi ba ta shan magani, tunda katinta ya ce lafiya lau. Shi ya sa a wuraren da cutar ta yi yawa ake so a sake gwaji a watannin ƙarshe na ciki. Ni kam ko mai shayarwa ce ta kawo yaro rigakafi, nakan duba yaushe rabonta da gwaji.

Abin takaicin shi ne magani yana aiki ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi komai ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ne za su ɗauka daga uwa, ko a ciki, ko wajen naƙuda, ko ta nono. Da magani kuwa adadin kan sauko ƙasa da 5. Tun 1994 bincike ya nuna maganin AZT na rage wannan haɗari da kusan kashi biyu cikin uku, a 2015 kuma Kuba ta zama ƙasa ta farko da hukumar ta tabbatar ta shawo kan yaɗuwar cutar daga uwa zuwa jariri.

Maganar miji ita ce mai wuya. "Ina maigida?" "Yana wajen aiki." Amsar ke nan kullum. Da yake matar aka fara gwadawa, ita ake ɗora wa laifin kawo cutar gida, alhali wanda aka fara gwadawa ba lallai ne shi ya fara kamuwa ba. Na ga masu ɓoye magani a ƙasan kaya, na ga masu juye shi a wata kwalba don kada a gane. Irin wannan mace ba faɗa take buƙata ba. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne in gayyaci su biyun, a gwada su tare kamar yau aka fara, su ji sakamako a zama ɗaya.

Bayan haihuwa kuma sai wasu su ɓace. Sun sha magani don yaro, yaro ya fito, shi ke nan a ganinsu. Malawi ce ta fara ɗora masu juna biyu a kan magani na har abada a 2011, kuma yanzu haka ake yi ko'ina, amma ba da magani daban, ci gaba da shan sa daban. Nono na iya ɗaukar cutar muddin uwa ta daina sha, kuma ba a gama da gwajin yaro sai bayan an yaye shi.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne 'yan mata masu cikin fari. A Afirka kudu da Sahara, 'yan shekara 15 zuwa 24 sun fi takwarorinsu maza kamuwa nesa ba kusa ba. A 2024 aka fitar da sakamakon gwajin lenacapavir, allurar kariya daga kamuwa da kanjamau, wadda ake yi sau biyu a shekara, a kan 'yan mata a Afirka ta Kudu da Uganda, kuma har zuwa lokacin ba ko ɗaya da ta kamu cikin waɗanda aka yi wa. Allura ce da mace za ta karɓa ba tare da ajiye kwalba a ɗaki ba, kuma ita nake jiran ganin ranar da za ta iso kowane ɗakin awo.