Yinin da na yi a kurkukun Jaffar

Asabar, bayan isha'i.

Da niyyar zuwa dubiya na tashi yau, amma har dare ban wuce masallacin unguwa ba. Tsohuwar laftof ɗina ce ta ja. Uwargida ta zaro ta daga ƙarƙashin gado tana shara, ta ce ko in san yadda zan yi da ita ko ta miƙa wa 'yan gwangwan. Na jona ta da wuta don in kwashe hotunan ciki kawai. Batirinta ya daɗe da mutuwa, amma ta kunnu, kuma ina cikin bincike sai ga PRINCE.EXE a wata ma'ajiya da na sa wa suna "tarkace".

Prince of Persia ne wasan da na fara yi a kwamfuta, a shagon buga takardu na wani maƙwabcinmu, ina aji shida na firamare. A faifan fulofi guda ake yawo da shi daga shago zuwa shago. In mai shago ya fita cin abinci sai mu rufu a kan kujerar, kowa rai ɗaya, in ka mutu ka tashi. Don DOS, tsohon tsarin kwamfuta na kafin Windows, aka yi wasan, Windows ɗin yanzu ba ta buɗe shi, don haka na sauke DOSBox, manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta yi kamar ta shekarun 1990. Minti goma ya ishe ni. Da waziri Jaffar ya ɗaga hannu agogon rairayi ya bayyana a gaban gimbiya, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Awa ɗaya ya ba ta, ko ta aure shi ko ta mutu, kuma awar ta gaske ce: minti 60 a agogon hannunka, mataki 12, in ka mutu ka koma farkon matakin amma lokaci bai tsaya maka ba.

Wajen sha ɗaya ɗan yayata ya zo da saƙon dambu. Shekararsa goma sha biyu, gwanin wasan ƙwallo ne a waya. Na ba shi kujera. Sau huɗu yana faɗawa kan tsinin ƙarfen da ke fitowa daga ƙasa, sai ya juyo ya ce, "Kawu, kibod ɗin nan ya lalace, ina dannawa ba ya tsalle sai daga baya."

Na ce masa lafiyarsa ƙalau. Yariman, wato wanda kake sarrafawa don ya ceto gimbiyar, shi ne yake da nauyin jiki irin na ɗan Adam. Jordan Mechner, wanda ya ƙirƙiri wasan, ƙanensa David ya sa wa fararen kaya ya ɗauke shi a bidiyo yana gudu, yana tsalle, yana kama katanga, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya kwafe motsin. Shi ya sa in yariman ya ɗauko gudu ba ya tsayawa cak, sai ya ɗan zame. In za ka tsallake rami da gudu sai ka danna tun kafin ka kai bakinsa, don ƙafa ta samu wurin takawa. In kuma bakin rami kake so ka leƙa, ka riƙe Shift ya yi taku ɗaya a hankali. Yatsuna sun tuna duk wannan ba tare da na yi tunani ba, alhali lambar wayata ta biyu har yau sai na duba.

Abin da ya cinye mini rana shi ne tambayar yaron: wannan ne na asali? Shekara da shekaru haka na ɗauka, amma ba shi ba ne. Na asalin a kan kwamfutar Apple II ya fito a 1989, kamfanin Brøderbund ya fitar, na DOS ɗinmu ya biyo baya a 1990. Na nemo na Apple ɗin na kunna a manhajar kwaikwayo. Launuka 'yan kaɗan ne, shuɗi da ruwan lemo da fari, sautin kamar kukan gyare, kuma in abubuwa suka yi yawa a allo sai wasan ya riƙa jan ƙafa. Amma taswirar ita ce dai, dutsen daɓen da ke rawa kafin ya rufta yana inda na san shi. Kiɗan ma mahaifin Mechner ne, Francis, ya tsara, aikin gida ne sosai.

Ƙarancin wuri a injin nan ne ya haifi abin da na fi so a wasan. Ma'adanar Apple II ta cika, babu inda za a zuba zanen sabon abokin gaba, sai Mechner ya ɗauki zanen yariman kansa ya ɗora shi a kan kansa, ya ɗan gusa shi kaɗan, ya fito baƙi mai walƙiya. Ita ce Inuwa. Daga baya ya samo wa dogarai wuri, amma Inuwar ta riga ta zama ƙashin bayan labarin: ita ke shanye maka kwalbar ƙarin rai a mataki na 5, ita ke rufe maka ƙofa a na 6, a na 12 kuma duk sarar da ka kai mata kanka kake ji wa. Sai ka mayar da takobi kube ka shige ta ku zama ɗaya. Mu a shago mun fi wata muna saran ta kafin wani ya gaya mana.

Bayan azahar na gwada na 1992 na Super Nintendo, na'urar wasa da ake jonawa da talabijin, wanda kamfanin Arsys na Japan ya yi. Nan yaro ya gyara zama. Mataki 20, awa biyu, kiɗa ba yankewa, bango mai ado, manyan dodanni a ƙarshen wasu matakai. Ya ce, "Kawu, ai wannan ya fi." Ban musa ba, a ido ya fi, kuma aiki ne mai kyau. Amma ni ban ji tsoro a cikinsa ba. A na DOS shiru ne ya fi yawa, ba ka jin komai sai takun ƙafarka, da ƙarar ƙofar ƙarfe tana saukowa a wani ɗaki da ba ka gani, da haƙoran ƙarfen nan masu datse mutum biyu suna cas, cas. Kiɗa ya rufe duk wannan. Awa biyu kuma ta sa mutum ya saki jiki. Na na'urar wasa ta Sega na ɗan taɓa shi minti biyar na rufe, hannuna bai saba da shi ba.

Akwai kuma SDLPoP, wanda masu sha'awa suka sake ginawa daga na DOS don ya yi aiki kai tsaye a kwamfutocin yau, har da damar ajiye wasa a duk inda kake. Shi zan sa wa yaron a gidansu. Ni na bar shi, don da wannan damar awa ɗayan ba ta da sauran kwarjini. Shi kansa Mechner ya yi shekaru yana zaton rubutun manhajar na asali ya ɓata, sai a 2012 mahaifinsa ya tsinci kwalin fulofi a kabad ya aika masa, aka samu aka karanto su, ya ɗora a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji. Da na gaya wa uwargida haka don ta ga amfanin ajiye tarkace, ta ce shi nasa ai ba a ƙarƙashin gadonta yake ba.

Da la'asar sakaliya na ce bari in yi zama ɗaya na gaske a na DOS. Ɗakin kwalabe masu haruffa, inda ake tambayarka harafin farko na wata kalma a littafin wasan don hana satar kwafi, ya ci mini rai ɗaya. A da a bangon littafin lissafi muka rubuta amsoshin. Na wuce ƙwarangwal ɗin mataki na 3 ta hanyar tura shi rami, tunda takobi ba ya kashe shi. A na 4 na isa gaban madubin da ya tare hanya, na ja baya, na taho da gudu na faɗa cikinsa. Inuwa ta fice ta ɗaya ɓangaren, raina ya koma ɗaya tak. Yaron ya miƙe tsaye ya ce, "Kawu, wane ne wancan?"

Ban kai ga ba shi amsa ba aka ɗauke wuta, laftof mara batiri ta mutu nan take. Saura minti 41, kuma ban danna Ctrl da G na ajiye ba. Ya ce gobe bayan Islamiyya zai dawo, kada in ci gaba ba shi. Dubiyar ma sai goben, in Allah ya kai mu.