Daga Kano zuwa Akara da raket biyu a jaka

Shekaranjiya muka dawo, har yanzu ƙafafuna a kumbure suke saboda zaman mota. Ɗan yayata na raka Akara, yaro ɗan shekara 14 da ya fara tanis da tsintar ƙwallo a Kano, aka gayyace shi wata gasar yara. Kuɗin jirgi ya fi ƙarfinmu, sai muka bi ta ƙasa: Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao. A ɗaya daga cikin iyakokin nan wani jami'i ya zaro raket daga jakar yaron, yana buga ta a tafin hannunsa, ya ce ai kayan sayarwa ne, sai an biya. Na miƙa masa takardar gayyata, ko kallonta bai yi ba. Kusan awa guda ya shanya mu a rana. Yaron bai ce uffan ba, idonsa na kan raket ɗin, sai da muka koma mota ya ce, "Kawu, na zaci karya ta zai yi."

A unguwar Nima da ke Akara muka sauka, gidan wani dattijo da mai koyar da yaron ya haɗa mu da shi. Kakanninsa Katsinawa ne da fataucin goro ya kawo, shi kuwa bai taɓa taka Najeriya ba sai sau ɗaya. Hausarsu ta zango ba ruwanta da "ya" da "ta", mace ma "ya zo" ake ce mata, amma karamcin na gida ne. Ɗakinsa ya bar mana ya koma zaure. Na yi rantsuwar duniya, ya ce, "Ɗana, baƙonka annabinka." Da safe koko mai citta da yaji da ƙosai, da rana wake da shinkafa da aka dafa da ganyen dawa har ya yi ja, ga shito, miyar barkononsu, a gefe. Kwana shida ko sisi bai bari na kashe a kan abinci ba.

Sana'ar Baba ɗaure wa raket zare, kuma a zaurensa na ga hoton Arthur Ashe da ya dushe. Nan hira ta ɓarke. Ashe baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a Richmond a 1943, mahaifinsa mai kula da wani filin wasa ne na baƙaƙe, a nan ya koyi bugu. Ya ci gasar Amurka a 1968, ta Ostireliya a 1970, ya doke Jimmy Connors ya ɗauki kofin Wimbledon a 1975, kuma har yau shi kaɗai ne namiji baƙar fata da ya ɗauke shi. Abin da ya sa tsigar jikina ta tashi, ni Bakano, shi ne batun Legas. Ashe yana can yana gasa aka kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976. Kwanaki kaɗan bayan haka, ana tsakiyar wasansa na kusa da ƙarshe, sojoji suka shigo fili suka kora shi waje da bakin bindiga a bayansa. Ina wuce kabarin Murtala kullum, ban taɓa jin wannan ba sai a Nima.

Baba dai ba nan hankalinsa yake ba. Shi zancensa Yawunde ta ƙasar Kamaru, 1971, inda Ashe ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana buga ƙwallo, ya sa baki aka kai shi Faransa horo. Yaron nan shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar Faransa a 1983. Na ce a shekarar ne namu Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon, shi ma da tsintar ƙwallo ya fara a Legas. Baba ya ajiye almakashi ya ce, "To ka gani. Hannu akwai shi a Nima, akwai shi a Fagge. Mai tsayawa ya kalla ne babu." Na yarda da shi. Mu a Kano sai lokacin gasar Dala ake tunawa da tanis, a watse kowa ya kama gabansa, yaro ya koma neman kuɗin ƙwallo.

Yaronmu ya ci wasansa na farko. A na biyu zaren raket ɗinsa ya tsinke, ya ɗauko ɗayar, ita ma ta saki, aka fitar da shi. Abokin karawarsa raket huɗu ne a jakarsa. Daren nan Baba ya zauna da fitilar waya a baki ya sake ɗaure su duka biyun, ya ƙi karɓar ko kuɗin zare.

Tsada kam akwai ta, in ka canza naira zuwa sidi sai jikinka ya mutu. A kasuwar Kantamanto na taya takalmin gwanjo, mai shi ya ce sidi 200, muka daidaita a 120, kuma har na tafi bai ɗaga min murya ba. Layin shiga torotoro, ƙananan motocin hayarsu, ma ya burge ni, ba ture-ture irin na tashoshinmu.

Juma'a muka yi a babban masallacin Kanda da Turkawa suka gina. Asabar da asuba muka kamo hanya, Baba ya cusa wa yaron naɗin zare ɗaya a aljihun jaka. Kwana biyu da rabi muka yi kafin mu ga Kano.